Amanar da Ba Ta Iya Kai Ƙara

Gabatarwa

A harshen Hausa ba a cika ambaton kare da alheri ba. In ana so a ci mutuncin mutum sai a kira shi kare. In rigima ta yi tsanani sai a ce an yi kare jini biri jini, in kuwa azzalumai sun sami sarari sai a ce suna cin karensu ba babbaka. Duk da haka da wuya ka ratsa unguwa da dare, a birni ko a ƙauye, ba ka ji haushi daga bayan wata katanga ba. Da rana muna zaginsa, da dare kuwa muna barci bisa ga tsaronsa.

A ƙasashe da dama akwai gidaje da aka gina musamman domin karnukan da suka ɓata, da waɗanda masu su suka yar. Iyali sukan je irin wannan mafaka su zaɓi kare, su sa hannu a takarda, su kai shi gida su riƙe shi har ƙarshen ransa. Waɗansu kuma, ko da ba su ɗauki kare ba, sukan ba da gudummawa domin aikin ya ci gaba. A manyan biranenmu ma, irin su Legas, an sami ƙungiyoyi masu zaman kansu da suka soma wannan aiki.

Mai bi da ya ji wannan labari a karo na fari yakan girgiza kai. Ga marayu a ikilisiya da aka koro daga makaranta saboda kuɗi, ga gwauraye da ba su da mudun hatsi a ɗaka, ga 'yan'uwa da rikici ya raba da gonakinsu suna kwana a sansani, sa'an nan a ce a gina wa kare ɗaki har a kira masa likita? Tambaya ce mai nauyi, ta kuma fito daga zuciya mai tausayin mutane, saboda haka bai kamata a amsa ta da wasa ba. Abin da za mu bincika tare shi ne, ko kare yana da wani hakki a kan Kirista, in kuwa yana da shi, ina ne iyakarsa.

Mafarin aikin

Yana da kyau mu sani cewa masu bi suna cikin waɗanda suka kafa harsashin wannan aiki. A shekara ta 1822 majalisar dokokin Birtaniya ta amince da dokar da Richard Martin, wani ɗan majalisa daga Ailan, ya kawo, wadda ta hana azabtar da shanu da dawaki da tumaki. Amma doka ba ta da ido, sai an sami masu sa mata ido. Don haka a ranar 16 ga Yuni 1824 wani limamin cocin Angilika, Rabaran Arthur Broome, ya tara mutane a wani gidan shan gahawa a Landan, suka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi, wadda a yau aka sani da suna RSPCA. Cikin waɗanda suka halarci taron akwai William Wilberforce, mutumin da ya yi shekara wajen 20 yana fama a majalisa har aka haramta cinikin bayi a 1807. Broome ya riƙa biyan mai sa ido daga aljihunsa, har bashin ƙungiyar ya kai shi kurkuku a 1826. A 1835 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da karnuka.

A 1860 kuma wata mata mai suna Mary Tealby, wadda ba mai dukiya ba ce, ta buɗe mafaka domin ɓatattun karnuka da masu fama da yunwa a wata tsohuwar bargar dawaki a unguwar Holloway ta Landan. Jaridar The Times ta yi wa aikin ba'a, da hujjar cewa ga talakawa suna kwana a titi ba abinci. Ashe tambayar da muke yi yau an riga an yi ta fiye da shekara 160 da suka wuce. Tealby ta rasu a 1865. A 1871 aka ƙaurar da gidan zuwa unguwar Battersea, inda yake aiki har wa yau, ya kuma karɓi dabbobi sama da miliyan 3 tun kafuwarsa.

Tsarin irin waɗannan gidaje kusan ɗaya ne ko'ina. In an kawo kare, likitan dabbobi yakan duba shi, a yi masa allurar rigakafi, a ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska, a kuma yi masa aikin hana haihuwa. A waɗansu ƙasashe akan sa masa wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, domin in ya sake ɓata a san mai shi. Wanda yake son ɗauka sai an yi masa tambayoyi: ina yake zaune, akwai yara a gidan, wa zai kula da karen in ya yi tafiya. A Amurka kaɗai karnuka wajen miliyan 3 ne suke shiga irin waɗannan gidaje kowace shekara, inda wuri ya cika kuwa akan kashe waɗansu da allura domin ba mai ɗauka. Da yawa cikinsu sun taɓa zama a gidan wani. Mai gidan ya ƙaura, ko kuɗin abinci ya gagare shi, ko kuwa kwikwiyon da ya ba yara sha'awa ya girma ya daina ba su sha'awa. Bayan kowane irin wannan kare akwai alkawarin da wani mutum ya karya.

Kare a cikin Littafi Mai Tsarki

Ba za mu ɓoye ba, Littafi Mai Tsarki ma bai cika yabon kare ba. Goliyat ya ji haushin Dawuda domin ya zo masa da sanda kamar mai korar kare. Mefiboshet, da yake ƙasƙantar da kansa a gaban sarki, ya kwatanta kansa da mataccen kare. Karnuka ne suka cinye gawar Yezebel. Manzo Bulus ya yi amfani da sunan kare sa'ad da yake gargaɗin Filibiyawa game da mugayen ma'aikata. Dalilin bai da wuyar ganewa: mafi yawan karnukan biranen Isra'ila a zamanin nan ba su da masu su, suna yawo garke garke suna cin mushe, kamar yadda muke gani a kan juji a yau.

Amma akwai wani gefen. Ayuba ya ambaci karnukan da suke tsaron garkensa. Ishaya, da yake tsauta wa shugabannin da suka yi sakaci, ya kamanta su da karnukan gadi da ba sa haushi, wato ya san aikin kare mai aminci. A Fitowa 22:31 an umarci Isra'ilawa su jefa wa karnuka naman dabbar da namomin jeji suka yayyaga, wato ko cikin Shari'a an ware musu rabo. A misalin mai arziki da Li'azaru, karnuka ne kaɗai aka ce sun kusanci matalaucin da ke kwance a ƙofa, mai gidan kuwa ko duban sa bai yi ba. Matar nan Bakan'aniya kuma, da ta roƙi Ubangiji Yesu saboda 'yarta, ta kafa hujjarta a kan abin da kowa ya sani, cewa karen gida yana da rabonsa daga abin da ya faɗo a ƙarƙashin tebur, Ubangiji kuwa ya yaba bangaskiyarta.

Mulki da amana

Tushen maganar yana cikin Farawa. Allah ya ba mutum mulki bisa dukan masu rai, ba wanda zai yi gardamar wannan. Sai dai wane irin mulki? Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita a Farawa 1:28 ta sāke fitowa a Ezekiyel 34:4, inda Allah yake tuhumar makiyayan Isra'ila da yin mulki da ƙarfi da tsanani, suna shan madara suna sa ulu, ba su ɗaure wadda ta karye ba, ba su nemi wadda ta ɓata ba. Wannan ya nuna mana akwai mulkin da Allah yake ƙi. Mutum an yi shi cikin siffar Allah ne, don haka mulkinsa ya kamata ya ɗauki kamannin mulkin Allah, wanda Zabura 104 ta nuna shi yana shayar da jakunan jeji, yana ciyar da 'ya'yan zaki. Zabura 50 kuma ta tuna mana cewa dabbobin duka nasa ne. Mu masu riƙo ne kawai, mai riƙo kuwa zai ba da lissafi.

Shari'ar Musa ta sauko da wannan koyarwa har cikin garke da gona. Hutun Asabar ya haɗa da sa da jaki. An hana sa wa sa takunkumi sa'ad da yake sussuka. An hana haɗa sa da jaki a karkiya ɗaya, gama ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya ga jakin maƙiyinsa ya faɗi a ƙarƙashin kaya, an umarce shi ya taimaka a tashe shi. Da Bal'amu ya bugi jakarsa har sau uku, mala'ikan Ubangiji ya tambaye shi dalili. Karin Magana 12:10 kuwa ta sa kula da ran dabba a cikin alamun da ake gane adali da su, ta kuma haɗa rashin tausayi da mugu.

Mu lura da abin da ya haɗa waɗannan dokoki. Ma'aikacin da aka hana hakkinsa yana iya zuwa wurin dattawa. Gwauruwa tana iya kuka a ƙofar alƙali. Dabba ba ta da baki, ba ta da dangi, ba ta da lauya. In ka hana ta ruwa a bayan gida ba wanda zai sani. Shi ya sa Allah da kansa ya tsaya mata, shi ya sa kuma yadda mutum yake bi da ita yake tona ainihin halinsa. A gaban fasto da dattawa kowa mai kirki ne. Halin gaskiya yakan fito ne a inda mutum yake da cikakken iko, ba mai gani, ba mai ramawa.

To, mutane fa?

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Ubangiji Yesu ya faɗa a fili cewa mutum ya fi tunkiya daraja, ya kuma fi tsuntsaye masu yawa. Duk koyarwar da ta daidaita ran kare da ran mutum ta saɓa wa bishara. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti cewa wanda bai kula da iyalinsa ba ya yi musun bangaskiya, Yakubu kuma ya ce hakkin ma'aikata da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji. Saboda haka maigidan da yake sayen abincin kare na gwangwani alhali maigadinsa ya yi wata uku ba albashi, ko mahaifiyarsa tana ƙauye ba kuɗin magani, ba tausayi yake yi ba, ya juya tsarin Allah ne sama ta koma ƙasa.

Amma mu dubi yadda Ubangiji ya gina hujjarsa a Matiyu 12. Ya tambayi Farisiyawa ko akwai wanda tunkiyarsa za ta faɗa rami ran Asabar ya bar ta a ciki. Ya ɗauka cewa fid da tunkiyar daidai ne, daga nan ya hau zuwa ga mutum. Haka ma Bulus, a 1 Korantiyawa 9, ya ɗauki dokar takunkumin sa ya kafa hakkin masu wa'azi a kanta. Ƙaramin hakki shi ne matakalar da aka taka zuwa babban. Annabi Natan ma, da ya so ya farkar da lamirin Dawuda, labarin 'yar tunkiyar matalauci ya ba shi, wadda take ci daga akushinsa. Sai da zuciyar sarki ta motsa saboda tunkiyar kafin ya ga abin da ya yi wa Uriya.

Tarihi ya ba da shaida irin wannan. Henry Bergh ya kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Amurka a birnin New York a 1866. A ƙarshen 1873 wata ma'aikaciyar mishan ta Metodis, Etta Wheeler, ta sami wata yarinya, Mary Ellen, wadda masu riƙonta suke azabtarwa. Ta nemi taimako wurin hukumomi ba ta samu ba, sai ta je wurin Bergh. Shi da lauyan ƙungiyarsa suka kai maganar kotu, aka ceci yarinyar, daga nan kuma suka kafa ƙungiyar hana zaluntar yara, wadda ake ɗauka ita ce ta farko irinta a duniya. Wilberforce da ya zauna a taron dabbobi shi ne mai yaƙi da bauta. Tausayi kamar rijiya yake, yawan ɗiba ne yake sa idonta ya buɗe.

Duk da haka kuɗi ba rijiya ba ne, yana ƙarewa. Don haka ya kamata mu rarrabe abubuwa uku. Na fari, zaluntar dabba zunubi ne ga kowa, mai kare da marar kare, barinsa kuwa ba ya cin ko kobo. Na biyu, kulawa wajibi ce a kan wanda ya riga ya kawo kare gidansa. Na uku, ɗaukar yasasshen kare, ko tallafa wa masu wannan aiki, alheri ne na son rai. Wanda Allah ya ba hali da zuciyar yinsa, bayan ya sauke nauyin iyalinsa da na mabukata, ya yi abu mai kyau, kada a yi masa ba'a. Wanda bai yi ba kuma bai yi laifi ba, kada a hukunta shi.

Alkawari kaya ne

Ubangiji ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. Kare yakan rayu shekara 10 zuwa 13, wani ma fiye. Yaron da ya roƙi kwikwiyo yana aji ɗaya na firamare zai iya gama sakandare karen yana nan. Kafin iyali su ce to, sai su tambayi kansu: akwai abincin da za a ba shi kullum? Akwai inuwa da ruwa? Mai gidan haya ya yarda? In aka yi mana canjin wurin aiki, ina za mu kai shi? In ya tsufa ya daina haushi fa?

Masana a Birtaniya, bisa ga wani rahoto na 1965, sun tsara abubuwa biyar da kowace dabbar da ke hannun mutum take bukata, an kuma karɓe su a ƙasashe da yawa: kada ta zauna da yunwa ko ƙishi, ta sami wurin kwana da ya dace, a kare ta daga ciwo da rauni, ta sami sararin yin abin da halittarta take so, kada kuma a riƙe ta cikin tsoro. In muka auna gidajenmu da wannan ma'auni, da yawa za su kāsa. Akwai karen da yake wuni a ɗaure da gajeriyar sarƙa cikin zafin watan Maris, kwanon ruwansa a bushe. Akwai wanda ake kulle shi a akurki mai duhu, ana hana shi abinci da gangan wai don ya yi zafi. Irin wannan kare ba ya bambanta ɓarawo da ɗan maƙwabci, ran da sarƙa ta tsinke kuwa sai kuka. Akwai kuma 'yan kwikwiyo da ake zubarwa a juji cikin kwali. Karya takan ɗauki ciki na wajen kwana 63, tana kuma iya haihuwa sau biyu a shekara. Wanda ba shi da inda zai kai 'ya'yan, ya nemi likitan dabbobi ya yi mata aikin hana haihuwa. Dokar ƙasarmu ma ta lissafta zaluntar dabba cikin laifuffuka, amma Kirista bai kamata ya jira ɗan sanda kafin ya yi abin da Ubangijinsa yake so ba.

A nan ne hikimar ɗaukar yasasshen kare take. A biranenmu an shiga yayin sayen karnukan ƙasashen waje da kuɗi masu yawa, sau da dama domin a gani a faɗa, alhali karen gida, wanda ya saba da zafinmu da abincinmu, yana yawo ba mai so. Wanda ya ɗauki kare daga mafaka ya gyara abin da wani ya ɓata, ya kuma buɗe wuri domin wani karen. Inda babu mafaka ma ƙofar a buɗe take: ga maƙwabcin da karyarsa ta haihu ya rasa yadda zai yi, ga karen da masu haya suka tashi suka bari. Sai dai a yi da hankali. A fara kai shi wurin likitan dabbobi kafin ya shiga cikin yara, kada kuma a bar yara su kama karen da ba a san asalinsa ba a hanya.

Waɗansu al'ummominmu suna cin naman kare, waɗansu kuma suna ƙyamarsa ƙwarai. Romawa 14 ta hana mu hukunta juna a kan abinci, ba kuwa za mu yi haka a nan ba. Amma ko dabbar da za a yanka tana da hakki. Cusa karnuka cikin keji ɗaya a kan juna, a yi tafiyar kwana da kwanaki da su ba ruwa, ko a kashe su da dūka, wannan ba maganar al'ada ba ce, maganar tausayi ce, ta kuma shafi mai kaza da mai akuya daidai da mai kare.

Hakkin maƙwabci

Akwai wurin da kula da kare da ƙaunar maƙwabci suka zama abu guda, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke kamuwa, wajen kashi 40 cikin 100 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar. Takan yi wata 2 ko 3 a jiki ba alama, da zarar alamun sun fito kuwa kusan ba mai tsira. Amma in an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, cutar takan daina yaɗuwa. Tun 1885 Louis Pasteur ya fara ceton rai da allurar wannan ciwo a Faransa, ana kuma tunawa da yaƙi da shi kowace ranar 28 ga Satumba. A nan gida, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin allurar rigakafin karnuka. Rigakafi ya fi magani.

Fitowa 21:28-29 ta yi maganar sa mai tunkuyi. In mai shi ya san halinsa, an kuma gargaɗe shi, bai tsare shi ba, har ya kashe mutum, alhakin jinin yana wuyansa. Mai karen da ya ƙi kai shi allura, ya kuma sake shi yana yawo cikin unguwa, ya karanta wannan wuri da rawar jiki. A fara yi wa kwikwiyo allura yana ɗan wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara, a kuma ajiye takardar shaida. In kare ya ciji wani, a wanke wurin nan da nan da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya ga maganin gargajiya. Addu'a wajibi ce, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Har wa yau, da yawa cikin maƙwabtanmu Musulmi suna guje wa yawun kare saboda tsarkin salla. Mai bi da ya tsare karensa daga ƙofarsu da tabarmarsu ya yi wa'azi ba da baki ba.

Gida da ikilisiya

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya jefi kare da dutse manya suna dariya ya koyi cewa kukan marar ƙarfi abin wasa ne, darasin kuwa ba zai tsaya a kan kare ba. Yaron da aka ɗora wa nauyin zuba wa kare ruwa kowace safiya, ko yana so ko ba ya so, ya koyi cewa akwai mai rai da yake dogara gare shi. Wannan shi ne darasin da zai bukata ran da ya zama miji, ko uba, ko dattijon ikilisiya. Iyaye mata da malaman makarantar Lahadi suna da babban aiki a nan.

Ikilisiya ma tana iya taimakawa ba tare da ta taɓa baikon gwauraye ba. Cikin membobinmu akwai likitocin dabbobi da ma'aikatan gona. Dattawa suna iya gayyatarsu su yi wa jama'a bayani bayan sujada, ko a ba da harabar coci rana ɗaya a shekara domin allurar karnukan unguwa, na Kirista da na wanda ba Kirista ba. Ƙungiyar matasa tana iya yin shela gida gida. Aiki ne mai araha, yana kuwa iya hana a haƙa kabarin yaro.

Kammalawa

Bayan ruwan tsufana, da Allah ya kafa alkawari da Nuhu, bai tsaya ga mutane kaɗai ba. Farawa 9 ta maimaita sau da sau cewa alkawarin ya haɗa da kowane mai rai da ya fito daga jirgi. Da ya tsauta wa Yunusa saboda rashin tausayinsa ga Nineba, ya ambaci dubban mutanen birnin, ya kuma ƙara da dabbobinsu. Romawa 8 ta ce dukan halitta tana nishi, tana jiran ranar da za a 'yantar da ita tare da 'ya'yan Allah. In Mahalicci bai ga ƙasƙanci ba ne ya sa dabba cikin alkawarinsa, bawansa ba shi da dalilin ganin ƙasƙanci ne ya cika mata kwanon ruwa.

'Yan'uwa, ba a ce kowa ya je ya ɗauko kare ba. Mutum ne a gaba, iyali ne farko, mabukata kuma suna da hakkinsu a kanmu. Amma wanda ya riga ya ɗauka, ya sani ya ɗauki amana, mai amanar kuwa yana gani. Ubangiji ya koya mana cewa aminci a ƙaramin abu shi ne ma'aunin aminci a babba. Bari kowane maigida ya zaga bayan gidansa yau ya duba abin da yake ɗaure a can, ya tambayi kansa ko zai so Allah ya yi mulki a kansa yadda shi yake mulki a kan wannan dabba.

Allah ya ba mu zuciya irin ta Makiyayi Mai Kyau, ya sa a same mu amintattu cikin dukan abin da ya danƙa a hannunmu. Amin.